Na'urorin gwajin lantarki

Na'urorin gwajin lantarki kayan awo ne da injiniyoyi da masu aikin wuta ke amfani da su don tabbatar da cewa wayarin ɗin gini da kayan kariyar da aka haɗa masa suna aiki yadda aka tsara. Ana amfani da su kafin a saki wuta a sabon gini, da bayan an yi gyara, da kuma lokaci zuwa lokaci a tsohon gini. Daga cikinsu akwai maltimita, da ma'aunin ingancin rufin waya, da ma'aunin sandar ƙasa, da na'urar gwada abin yanke wuta. Tun da motoci masu amfani da lantarki suka fara yawaita, an ƙara da wasu na'urori na musamman don gwada wuraren cajinsu.

Dalilin gwajin shi ne, yawancin lahanin da ke kashe mutum ko haddasa gobara ba a ganinsa da ido. Gida zai iya shekara da shekaru fitilunsa na kamawa, fankokinsa na juyawa, alhali wayar ƙasarsa a tsinke take. Ba za a sani ba sai ranar da waya mai wuta ta taɓa jikin firji ko injin ruwa, mutum ya dafa, wuta ta ja shi. Aikin na'urorin gwaji shi ne su gano irin wannan tun kafin ranar ta zo.

## Abubuwan da ake aunawa

Awo uku ne tushen aikin. Na farko matsin lantarki, wanda ake aunawa da bolt. Na biyu kwararar lantarki a cikin waya, ana auna ta da amfiya. Na uku turjiya, wato yadda abu ke hana lantarki wucewa ta cikinsa, ana auna ta da om. Masanin kimiyya ɗan ƙasar Jamus Georg Ohm ne ya wallafa dangantakar da ke tsakaninsu a shekarar 1827: idan aka raba matsi da turjiya, za a sami kwarara. Wannan ƙa'ida ce kusan duk na'urorin gwaji suke aiki da ita. Na'urar takan tura matsi ko kwarara da ta san adadinsu, ta auna abin da ya biyo baya, sannan ta lissafa na ukun.

Lantarki iri biyu ne. Akwai mai sauya alkibla, wanda ake taƙaitawa da AC, shi ne wanda kamfanonin wuta ke rabawa gidaje. Akwai kuma mai tafiya ta hanya ɗaya, wato DC, irin na batir da na farantin sola. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai a wurin cajin mota.

Jikin ɗan Adam ba ya jure kwarara mai yawa. Mutum yakan fara jin lantarki tun yana ƙasa da miliamfiya 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. Idan ya kai kimanin miliamfiya 10, hannu yakan ƙage har mutum ya kasa sakin wayar. Abin da ya haura miliamfiya 30, idan ya ɗauki lokaci, yana iya rikita bugun zuciya. Daga nan aka samo yawancin adadin da ke cikin ƙa'idojin gwaji.

## Tarihi

A shekarar 1820 Hans Christian Ørsted na ƙasar Danmak ya lura cewa allurar kamfas tana karkata idan lantarki ya bi ta wayar da ke kusa da ita. A wannan shekarar Johann Schweigger na Jamus ya yi amfani da binciken ya ƙera ma'aunin kwararar lantarki na farko. A 1882 Jacques-Arsène d'Arsonval da Marcel Deprez na Faransa suka fito da ma'auni mai naɗin waya da ke juyawa a tsakanin maganaɗisu, kuma a 1888 Edward Weston ya fitar da irinsa a Amurka wanda za a iya ɗauka a tafi da shi wurin aiki. Duk mitoci masu allura da aka yi daga baya sun bi wannan tsari.

A ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da ake ta saka wuta a gidajen Ingila, injiniya Sydney Evershed ya ƙera ma'aunin rufin waya mai ɗan janareto da ake juyawa da hannu. Kamfanin Evershed & Vignoles ya yi rajistar sunan Megger a 1903, kuma sunan ya bi na'urar har yau, ko da wani kamfani ne ya ƙera ta. A farkon shekarun 1920 Donald Macadie, injiniya a ma'aikatar gidan waya ta Birtaniya, ya gaji da ɗaukar mitoci barkatai, sai ya haɗa awon amfiya da bolt da om a akwati ɗaya. An fara sayar da ita a 1923 da sunan AVO, kuma ita ce kakar maltimita. Mitoci masu nuna lamba a allo sun yaɗu a shekarun 1970. Kamfanin Fluke na Amurka, wanda aka kafa a 1948, ya fitar da irinta ta hannu a 1977.

## Ire-iren na'urori

Ma'aunin kasancewar wuta. Na'ura ce mai tsinke biyu da ke nuna ko akwai wuta a waya ko babu. Ita ake fara ɗauka kafin a taɓa komai. Sukundireba mai ɗan ƙwai a ciki, wadda masu aikin wuta ke kira testa, ba a dogara da ita wajen tabbatar da cewa wuta ta yanke, domin kamawar ƙwanta ya danganta da jikin mai riƙe da ita da abin da ya taka, kuma a cikin hasken rana ba a cika ganinsa ba.

Maltimita. Tana auna bolt da amfiya da om, kuma tana da amfani wajen neman inda matsala take. Sai dai batirinta ƙarami ne, kwararar da take turawa kaɗan ce, saboda haka ba ta isa ta tabbatar da ingancin wayarin ba.

Mita mai baki. Tana da baki kamar na filaya da ake zagaye waya da shi, ta auna kwarara ta hanyar maganaɗisun da ke kewaye da wayar ba tare da an yanke ta ba. Idan aka zagaye waya mai wuta da nutural tare, mai saurin ji daga cikinsu takan nuna yawan lantarkin da ke yoyo zuwa ƙasa.

Ma'aunin haɗuwar waya. Yana tabbatar da cewa wayar ƙasa ta isa kowane soket da kowane jikin ƙarfe ba tare da tsinkewa ko sako-sako ba. Ƙa'ida ta buƙaci ya iya tura aƙalla miliamfiya 200, da matsi tsakanin bolt 4 zuwa 24.

Ma'aunin rufin waya. Yana tura DC mai matsi sosai don ya ga ko robar da ta lulluɓe wayoyi tana riƙe da wuta. A wayarin na gida mai bolt 230 ana gwadawa da bolt 500, kuma mafi ƙarancin abin da ake karɓa shi ne megaom 1, wato om miliyan ɗaya. Sabon wayarin mai kyau yakan nuna abin da ya ninka haka sau ɗaruruwa. Danshi, da cin ɓera, da ƙusar da ta huda waya a bango, da tsufan roba duk suna saukar da adadin. Matsin gwajin yana iya lalata kayan laturoni, don haka ake cire su tukuna.

Ma'aunin sandar ƙasa. Yana auna turjiyar da ke tsakanin sandar da aka binne da ƙasar da ke kewaye da ita. Ana kafa ƙananan turaku biyu a jere nesa da sandar, a tura lantarki ta na nesa, a auna matsi a na tsakiya, wanda ake kafawa a kusan kashi 62 cikin 100 na tazarar. Akwai kuma hanyar turaku huɗu ta auna turjiyar ƙasar kanta kafin a binne sanda, wadda Frank Wenner ya bayyana a Amurka a 1915.

Ma'aunin hanyar lahani. Idan waya mai wuta ta taɓa ƙarfe, lantarki yakan bi wayar ƙasa ya koma taransifoma. Dole turjiyar wannan hanya ta yi ƙasa sosai domin kwarara ta yi yawan da zai sa bireka ta faɗi nan take. Misali, bireka nau'in B mai amfiya 32 tana buƙatar har ninki biyar na adadinta, wato amfiya 160, kafin a tabbatar za ta faɗi nan take. Idan aka raba bolt 230 da 160 za a sami om 1.44, saboda haka hanyar da ta fi haka turjiya ba ta ci gwaji ba. Ƙa'idar Birtaniya ta rage adadin zuwa om 1.37 don ta ba da sarari ga saukar matsi.

Na'urar gwada RCD. RCD abin kariya ne da ke kwatanta lantarkin da ya fita ta waya mai wuta da wanda ya dawo ta nutural. Idan aka sami giɓi, alama ce wani kaso yana bi ta wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai ya yanke wuta. Na'urar gwaji takan ƙirƙiri yoyo da gangan ta ƙidaya lokaci. RCD na gama-gari mai miliamfiya 30 bai kamata ya faɗi a rabin adadinsa ba, dole ya faɗi cikin milisakan 300 a cikakken adadinsa, da cikin milisakan 40 a ninki biyar. Maɓallin gwaji da ke jikin RCD yana nuna cewa injinsa na motsi, amma ba ya auna lokaci kuma ba ya gwada wayar ƙasa.

A yau kamfanoni irin su Megger da Fluke da Metrel da Kyoritsu da Chauvin Arnoux suna haɗa yawancin waɗannan gwaje-gwaje a na'ura ɗaya mai ajiye sakamako.

## Ƙa'idoji da tsarin gwaji

Hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, IEC, wadda aka kafa a 1906 kuma take da mazauni a Janiba, ita ke fitar da ƙa'idojin da ƙasashe da yawa suke bi. IEC 60364 ta shafi wayarin, kuma kashi na 6 nata ya yi bayanin gwaji. IEC 61557 ta shafi su kansu na'urorin gwajin. Birtaniya tana da BS 7671, wadda asalinta ya koma 1882, aka kuma fitar da bugu na 18 a 2018.

Ana fara aiki da duba na ido: girman waya, ƙarfin bireka, ɗaurin sukurori, da alamun ƙuna. Daga nan sai gwaje-gwajen da ake yi wuta na kashe, wato haɗuwar wayar ƙasa, da rufin waya, da tabbatar da cewa makunni da fis suna kan waya mai wuta. Sai an ci waɗannan ake sakin wuta a yi gwajin hanyar lahani da na RCD da na jerin fes a wurin da ke da fes uku. Jerin yana da dalili, domin gwajin hanyar lahani yana tura lantarki ta wayar ƙasa, kuma idan a tsinke take, jikin kayan ƙarfe zai ɗauki wuta a lokacin gwajin. A ƙarshe ana rubuta sakamakon kowane layi a takardar shaida, don a kwatanta da na gwaji na gaba.

## Gwajin wuraren cajin mota

Wurin cajin mota ya bambanta da soket na gida. Dutsen guga ko butar lantarki sukan ja wuta na ɗan lokaci su tsaya, ita kuwa mota tana jan cikakken ƙarfi na awanni a jere. Amfiya 32 a kan bolt 230 kimanin kilowat 7.4 ne, a fes uku kuma ya kai kilowat 22. Ɗaurin waya da ya ɗan yi sako-sako yana iya zafi har ya narka roba. Ga shi kuma yawancin wuraren caji a waje suke, inda mutum ke tsaye a kan ƙasa, wani lokaci cikin ruwan sama, yana dafa jikin mota na ƙarfe.

Ƙa'idar IEC 61851 ta kasa caji gida huɗu. Na 1 shi ne soka mota a soket na gida ba tare da ƙarin kariya ba, kuma wasu ƙasashe sun hana shi. Na 2 yana amfani da soket na gida amma da akwatin kariya a jikin kebul. Na 3 shi ne akwatin caji na AC da aka kafa dindindin. Na 4 shi ne caji mai sauri na DC, inda injin juya wutar yake a cikin tashar.

### Akwatin da ke kwaikwayon mota

A tsari na 3, bakin caja ba ya ɗauke da wuta sai mota ta nema. Mota da caja suna fahimtar juna ta wata siririyar waya ta sarrafawa, wadda ake yi wa alamar CP. Caja tana ɗora bolt 12 a kanta, mota kuma tana saukar da matsin ta hanyar haɗa rezista:

- Bolt 12, matsayi A: babu mota.
- Bolt 9, matsayi B: an soka mota amma ba ta nemi wuta ba.
- Bolt 6, matsayi C: mota ta shirya, caja ta saki wuta.
- Bolt 3, matsayi D: mota ta shirya amma tana buƙatar wuri mai shigar iska.
- Bolt 0, matsayi E, da bolt 12 na ƙasa da sifili, matsayi F: akwai matsala.

Saboda haka mai gwaji yana buƙatar wani ƙaramin akwati da ake sokawa a bakin caja a madadin mota. Yana da maɓallin juyawa da ke zaɓar kowane matsayi, da ramukan da ake haɗa na'urar gwaji ta yau da kullum. Da shi ake ganin ko caja tana sakin wuta a matsayi C kaɗai, da ko tana yankewa idan aka koma B, ko aka haɗe wayar CP da ƙasa, ko aka kwaikwayi tsinkewar wayar ƙasa.

Ta wannan waya kuma caja ke sanar da mota iyakar abin da za ta ja. Tana aika bugu sau 1,000 a daƙiƙa, kuma faɗin bugun shi ne saƙon. Tsakanin kashi 10 zuwa 85 cikin 100, ana ninka kason da 0.6 a sami amfiya: kashi 10 amfiya 6 ke nan, kashi 50 kuma amfiya 30. Idan aka saita caja ta ba da izinin amfiya 32 a kan wayar da aka yi don 16, wayar za ta yi zafi, shi ya sa ake auna bugun. Akwai waya ta biyu mai alamar PP. A kan caja nau'i na 2, wanda Turai ke amfani da shi, rezistar da ke kanta tana faɗin ƙarfin kebul: om 1,500 na nufin amfiya 13, om 680 amfiya 20, om 220 amfiya 32, om 100 kuma amfiya 63.

### Yoyon DC

A cikin mota akwai injin da ke juya AC zuwa DC don cika batir. Idan ya sami lahani, DC yana iya yoyo ya koma cikin wayarin. RCD na gama-gari yana gane yoyo ne ta wani zoben maganaɗisu, kuma DC yakan cika zoben har ya daina jin komai. A wannan hali RCD zai zauna lafiya a ido, amma ba zai faɗi ba ko da wuta ta ja mutum. RCD nau'in A yana jure DC har miliamfiya 6 kawai.

Don haka kashi na 7-722 na IEC 60364 ya buƙaci kowane bakin caji ya sami RCD nasa wanda bai wuce miliamfiya 30 ba, kuma a bakin caji irin na tsari na 3 a tanadi kariya daga DC. Ana yin haka da RCD nau'in B, ko da nau'in A haɗe da abin da ke yanke wuta idan DC ya kai miliamfiya 6, wanda ƙa'idar IEC 62955 ta bayyana. Na'urorin gwaji na zamani suna iya tura DC da ke ƙaruwa sannu a hankali, su nuna adadin da aka yanke da lokacin da aka ɗauka. A miliamfiya 6 ana son a yanke cikin daƙiƙa 10. Tsofaffin na'urori masu gwada AC kaɗai ba sa iya wannan gwaji.

### Tsinkewar nutural da caji mai sauri

A wuraren da kamfanin wuta ke haɗa nutural da wayar ƙasa a waya ɗaya, kamar yawancin gidajen Birtaniya, tsinkewar wannan waya a titi tana iya sa jikin motar da ke caji ya ɗauki wuta. Mafita ita ce a binne wa cajar sandarta daban, ko a saka abin da ke raba mota da wayarin gaba ɗaya. Wani nau'insa yana yankewa idan matsi ya fita daga tsakanin bolt 207 da 253.

Tashoshin DC, masu baki irin CCS ko CHAdeMO na Japan ko GB/T na Sin, suna aiki da ɗaruruwan bolt kuma suna musayar bayanai da kwamfutar mota. Gwajinsu yana buƙatar na'ura mafi girma da ke kwaikwayon wannan musaya, ta kuma gwada abin da ke sa ido kan rufin waya a ɓangaren DC.

## Tsaron mai gwaji

Ƙa'idar IEC 61010 ta kasa na'urorin awo bisa wurin da za a iya amfani da su. CAT II na soket ne da kayan da ake sokawa, CAT III na akwatin rarraba wuta da wayarin na dindindin, CAT IV kuma na mashigar wuta da mitar kamfani. Bambancin yana kan tsallen matsi na ɗan lokaci, irin wanda tsawa ke jawowa. Na'urar CAT III ta bolt 600 ana gwada ta da tsallen bolt 6,000, ta CAT IV kuma da 8,000. Na'urar da aka kai wurin da ya fi ƙarfinta tana iya fashewa a hannu.

Kafin a taɓa waya, ana kashe wuta a kulle makunnin, a gwada ma'aunin a wurin da aka san akwai wuta, a gwada wayar, sannan a sake gwada ma'aunin don a tabbatar bai lalace a tsakani ba. Ana kuma kai na'urori a daidaita awonsu, galibi sau ɗaya a shekara.

## A Najeriya da yankin Sahel

A Najeriya hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke da alhakin dubawa da gwadawa da ba da shaidar ingancin kayan wuta da mitoci. A 2021 hukumar NADDC mai kula da bunƙasa ƙera motoci ta buɗe tashar cajin mota mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.

Abubuwa biyu suna shafar sakamakon gwaji a yankin. Na farko yanayin ƙasa: rairayi da busasshiyar ƙasa suna da turjiya mai yawa, kuma sandar da ta ba da sakamako mai kyau da damina tana iya kasawa da rani, don haka awon rani ya fi nuna gaskiya. Na biyu yawan amfani da janareto da inbata. Ƙaramin janareto ko inbata ba ya iya tura ɗaruruwan amfiya kamar taransifoma, saboda haka birekar da ke faɗuwa nan take a wutar kamfani tana iya ƙin faɗuwa idan aka juya layi. A irin wannan gini ana gwada kariya a kan kowane tushen wuta daban, kuma RCD da wayar ƙasa mai kyau ne ke ɗaukar nauyin kare mutane.